Dawakin Lady Butler da Abokan Gāba da Ba a Gani

A gidan adana zane na birnin Leeds a Ingila akwai wani zanen fentin mai da Elizabeth Butler ta kammala a 1881, mai suna "Scotland Forever!". Yana nuna harin da rundunar mahaya ta Scots Greys ta kai wa sojojin Napoleon a yaƙin Waterloo, ranar 18 ga Yuni, 1815. Ko a fuskar waya ka buɗe shi, sai ka ji kamar ka kauce. Kilayen dawakai ne suka nufo ka gadan-gadan, hanci a buɗe, ido a waje, mahayansu cikin jajayen riguna, hafsansu a gaba ya ɗaga takobi.

Wannan ƙarfi ba banza ya zo ba. An haifi Butler a 1846, ba ta ga Waterloo ba, amma mijinta hafsan soja ne, kuma ta riƙa tsayawa gaban dawakai masu sukuwa a filin atisaye na Aldershot don ta ga yadda ƙirji da ƙafafun doki ke motsi idan ya tunkaro mutum. Shi ya sa dawakinta suke da nauyi da numfashi. A nan babu mai ja da ita.

Matsalar tana wurin da ta ajiye mai kallo. Ta tsayar da mu daidai inda Faransawa suke, sannan ta share su daga zanen. Babu fuskar wanda za a sara, babu wanda kofato zai tattake. Da babu abokin gāba, yaƙin ya koma wasan nuna bajinta, kuma takubban ba su da laifin komai.

Ita kanta sukuwar akwai magana. An kwana ana ruwa kafin yaƙin, ƙasa ta yi laka, masana tarihi kuma sun nuna cewa da sassarfa rundunar ta fara tafiya, ba a guje ba. Wannan ƙarin gishiri ne da za a iya yafe wa mai zane. Abin da ya fi wuyar yafewa shi ne lokacin da ta zaɓa. Gaskiya ne Scots Greys sun tarwatsa sojojin ƙasa na Faransa, har Saje Charles Ewart ya ƙwace tutar mikiya ta runduna ta 45. Amma sun zarce da nisa, dawakai suka gaji, mahayan Faransa masu māsu suka afka musu. Kusan rabinsu aka kashe ko aka raunata, Janar Ponsonby da ya jagoranci birged ɗin ma a nan ya mutu.

Kuma Butler ta san fuskar asara. A "Remnants of an Army" na 1879 ta zana William Brydon shi kaɗai a kan doki mai shirin faɗuwa, yana isa Jalalabad bayan an hallaka rundunar Birtaniya da ta baro Kabul a 1842. Wancan zanen ya fi wannan gaskiya nesa ba kusa ba, amma wannan ne aka fi bugawa ana ratayewa a bango.