Naitirik oksaid a gwangwani: me ake sayar maka?

Idan kana yawan zama a Facebook ko TikTok, da wuya ba ka ci karo da tallan nan ba. Wani cikin farar riga, ko wata mai zaƙin baki, riƙe da gwangwanin gari ko kwalbar ƙwayoyi, ana gaya maka cewa wannan yana ƙara naitirik oksaid a jiki, yana buɗe jijiyoyin jini, yana sauke hawan jini, yana kare zuciya. A ƙarshe sai a rufe maka baki da cewa binciken nan ya ci kyautar Nobel.

Hujjar tallan tana tafiya ne a matakai 3. Naitirik oksaid yana sassauta jijiyoyin jini. Jiki yana haɗa shi daga wani sinadari mai suna arjinin. Don haka idan ka sha arjinin, zuciyarka ta tsira. Mataki na farko gaskiya ne, na biyu ma haka. Na ukun ne za mu duba tare, domin a kansa ake karɓar kuɗinka, kuma a kansa wasu ke ajiye maganin da likita ya rubuta musu.

Abin da tallan ya faɗa daidai

Naitirik oksaid iska ce ƙarama ƙwarai: ƙwayar zarra ɗaya ta naitirojin, ɗaya ta oksijin, shi ya sa masana ke rubuta ta da NO. Kada ka haɗa ta da iskar nan mai sa dariya da likitocin haƙori ke amfani da ita, wannan daban ce.

A shekarar 1980, Robert Furchgott da abokin aikinsa John Zawadzki, a birnin New York na Amurka, sun lura da wani abu a jijiyar zomo. Idan siririyar shimfiɗar da ke cikin jijiyar tana nan lafiya, sinadarin da suka ɗiga yana sa jijiyar ta saki. Idan an kankare shimfiɗar, ba ta saki. Ke nan shimfiɗar tana aika wani saƙo ga tsokar da ke zagaye da jijiyar. Kafin nan, a 1977, Ferid Murad ya nuna cewa naitirogilisarin, tsohon maganin ciwon ƙirji, yana aiki ne ta hanyar sakin NO. A 1986 Furchgott da Louis Ignarro suka ce saƙon nan ai NO ne, a 1987 kuma Ignarro da tawagar Salvador Moncada a Ingila suka tabbatar da haka, kowa a nasa ɗakin gwajin. A 1998 aka ba Furchgott da Ignarro da Murad kyautar Nobel. Moncada bai samu shiga ba, abin da har yau wasu masana ke ƙorafi a kai.

Ga yadda abin yake a jikinka. Duk lokacin da jini ya goga jikin shimfiɗar nan da ƙarfi, kamar lokacin da kake sauri ko hawa bene, wani enzayim da ke cikinta yana ɗaukar arjinin da oksijin ya samar da NO. Iskar ta ratsa zuwa tsokar jijiya, ta kunna wani sinadari mai suna cGMP, tsokar ta saki, hanya ta buɗe, matsin jini ya ragu. Ban da wannan, NO yana hana ƙwayoyin da ke daskarar da jini mannewa da juna, yana kuma hana fararen ƙwayoyin jini liƙewa a bangon jijiya, wanda shi ne mafarin toshewa. Amma fa rayuwarsa ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi. Shi ya sa babu gwangwanin da ke ɗauke da naitirik oksaid. Abin da ke ciki kayan haɗi ne kawai, arjinin ko sitirulin ko garin bitirut, tare da fatan jikinka zai yi sauran aikin.

Inda hujjar ta karye

Tallan nan yana da asali mai nauyi. Ignarro da kansa ya fitar da littafi a 2005 mai suna NO More Heart Disease, inda sunan ke wasa da kalmar NO don nuna cewa ciwon zuciya ya zo ƙarshe, kuma ya yi aiki da kamfanin Herbalife wajen haɗa wani gari mai arjinin da sitirulin. Aikinsa na ɗakin gwaji ba abin rainawa ba ne. To amma kwamitin Nobel ya yaba gano yadda jijiya ke aika saƙo ne, bai gwada garin kowa ba. Mai talla yana aron darajar wancan binciken ya shafa wa kayansa.

Matsala ta farko tana cikin lissafin jiki. Arjinin ɗin da ke cikin ƙwayoyin halittarka ya riga ya ninka abin da enzayim ɗin ke buƙata. Kana samunsa daga gyaɗa, riɗi, wake, kifi da nama, jikinka ma yana haɗa nasa. Wanda ka haɗiya kuwa, hanji da hanta suna farfasa kaso mai yawa kafin ya kai jijiya. A jikin mai hawan jini, mai ciwon suga ko mai shan taba, babbar damuwar ita ce shimfiɗar ta ji rauni, kuma wasu sinadarai masu lahani suna cinye NO tun kafin ya isa inda aka aike shi. Injin niƙan da ya lalace, ƙara masa buhun dawa ba zai sa gari ya fito ba.

Duk da haka, ƙananan gwaje-gwaje sun nuna arjinin yana ɗan rage matsin jini, kusan maki 5 a lambar sama. An kuma gwada shi a kan marasa lafiya na gaske. A 2006, masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka wallafa sakamakon gwaji a kan mutum 153 da suka yi fama da bugun zuciya. An ba wani rukuni arjinin giram 3 sau 3 a rana, ɗaya rukunin aka ba shi ƙwayar wofi mai kama da shi. Ba a ga wani amfani ga zuciya ko jijiyoyi ba. Mutum 6 suka mutu a rukunin arjinin, babu ko ɗaya a ɗayan, aka dakatar da ɗaukar sababbin mutane. Adadin ya yi kaɗan a ce tabbas arjinin ne ya kashe su, amma ya isa masu binciken su ce kada a ba wanda ya yi bugun zuciya. A 2007 wani gwajin a kan mutum 133 masu toshewar jijiyoyin ƙafa ya nuna waɗanda suka sha ƙwayar wofi sun fi masu shan arjinin samun ci gaba a tafiya bayan wata 6. Ka taɓa jin mai talla ya ambaci waɗannan?

Batun bitirut ya fi ƙarfi

Tsakani da Allah, hujjar bitirut, jan tushen nan mai rina hannu, ta fi ta arjinin tsayawa da ƙafarta. Hanyarta ma daban ce. Ganyayyaki suna ɗauke da naitiret. Idan ka ci, ya shiga jini, wani kaso yana dawowa cikin yawunka, bakteriyar da ke bayan harshenka su mayar da shi naitirait, ka haɗiye, jiki ya mayar da shi NO. Tawagar Amrita Ahluwalia a Landan ta gwada wannan a 2015 a kan masu hawan jini 68: mililita 250 na ruwan bitirut kullum na mako 4 ya sauke matsin jini da kusan maki 8 a sama, 4 a ƙasa. Wannan tawagar ta kuma nuna cewa kurkure baki da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi na mako guda yana ɗaga matsin jini da maki 2 zuwa 3, saboda ya kashe bakteriyar nan.

Sai dai ka lura da abin da aka auna: lambar da na'urar awo ta nuna, na tsawon mako 4. Ba a ƙirga wa ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki bayan shekara 5 ba, alhali wannan shi ne alkawarin da tallan ke yi maka. Sannan naitiret ba a bitirut kaɗai yake ba. Alayyafo da latas suna cikin ganyayyakin da suka fi yawansa, kankana kuma tana da sitirulin. Abin da ake shigo maka da shi a gwangwani da tsada, danginsa na nan a kasuwar unguwarku.

Ko a asibiti abin ba sauƙi

Magungunan da ke aiki ta hanyar NO suna da gurbinsu. Tun 1878 likita William Murrell ya fara ba masu ciwon ƙirji naitirogilisarin, har Alfred Nobel, wanda ya yi arziki da wannan sinadarin wajen haɗa nakiya, an rubuta masa shi a ƙarshen rayuwarsa. Yana kwantar da ciwon ƙirji cikin mintuna. Amma babban gwajin da aka wallafa a 1995 a kan mutum fiye da 58,000 bai nuna wani maganin dangin naitiret yana rage mutuwa bayan bugun zuciya ba. A gefe guda, a 2004 haɗin irin wannan maganin da haidiralazin ya rage mutuwa da kashi 43 cikin 100 a gwajin baƙaƙen fatar Amurka 1,050 masu gazawar zuciya. Jarirai masu hawan jinin huhu ma ana shaƙa musu iskar NO a asibiti.

Ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye, wato sikila. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka fashe, abin da ke cikinsu yana zuba cikin jini ya riƙa cinye NO. A hankalce sai ka ce a ƙara musu NO kawai. An gwada. Gwajin 2011 a kan mutum 150 ya nuna shaƙar iskar ba ta gajarta lokacin tashin ciwon ba. Wani gwajin na sildenafil a kan masu sikila an tsayar da shi a 2009, domin masu shan sa sun fi yawan kwanciya asibiti saboda ciwo. Ka ga ke nan, bayani yana iya yin daɗi a kunne, jiki ya ƙi amincewa.

Inda haɗarin yake

Sildenafil, wanda aka fi sani da Viagra, yana hana jiki rushe cGMP ɗin nan. Idan mai shan naitiret don ciwon ƙirji ya haɗa da shi, matsin jini na iya faɗuwa warwas har ya kai ga mutuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano sildenafil a ɓoye cikin kayan ƙarfin maza da aka rubuta wa "na gargajiya zalla". Idan kai ko mahaifinka kuna shan maganin ciwon ƙirji, wannan ba abin wasa ba ne.

Haɗari na biyu ya fi yawa kuma ba ya ƙara. Hawan jini ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. Mutumin da ya bar ƙwayarsa ta kullum ya koma gari saboda ya ji wai "na halitta" ne, zai iya jin garau na watanni, jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda suna shan wuya. Tsinken gwajin yawun da wasu ke haɗawa da garin ma ba zai cece shi ba, domin naitirait ɗin bakinsa yake aunawa. Ka ci miyar alayyafo, launin zai canza.

Hukuncina a kan tallan shi ne: kimiyyar da ya fara da ita sahihiya ce, alkawarin da ya ƙare da shi kuma ba shi da gwajin da ya tsaya masa. Sayen irin wannan kaya cinikin biri a sama ne. Abin da aka tabbatar yana kare shimfiɗar jijiyarka ba ya cikin gwangwani: tafiyar sauri ta aƙalla minti 150 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, gishiri ƙasa da giram 5 a rana har da na dunƙulen miya, barin taba da shisha, kula da suga, ganye a kwanon abinci, da shan maganin hawan jini yadda aka rubuta.

Gaba in an nuna maka gwangwani, ka tambayi mai shi: a kan mutum nawa aka gwada wannan kayan da kansa, na tsawon wane lokaci, kuma me aka ƙirga a ƙarshe? Idan amsarsa ta koma kan kyautar Nobel, ka riƙe kuɗinka, ka je a auna maka jini.