Gwanintar Zama da Carbi

A masallatan Anka, Gummi da Bukkuyum, ba kowa ke tashi ba idan liman ya sallame sallar Asuba. Wasu dattawa kan koma gefe, su fuskanci alƙibla, su ɗauko carbi. Ko ka gaishe su, hannu kawai za su ɗaga maka. Mai wucewa zai ɗauka zaman hutu suke yi, alhali suna cikin aikin da ake shekaru ana koyonsa.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Zamfara. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta kafin jihadin 1804, Baƙadire ne mai riƙo da wuridi. Daga baya Tijjaniyya ta bazu, ta zo da nata tsarin. Lazimin Batijjane safe da yamma ne: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Ga wazifa kullum, inda ake zagaye farin ƙyalle a cikin jama'a, ga kuma zikirin Juma'a tsakanin La'asar da Magariba.

Lissafin kam yaro ma zai iya. Inda gwani ke bambanta shi ne halartar da zuciya. Sabon shiga bai kai ƙwaya goma ba hankalinsa ya tafi gona, ya leƙa kasuwa, ya tuno bashin taki. Gwani ma tunani na zuwar masa, amma ba ya kokawa da shi, ba ya kuma bin sa. Da ya farga sai ya dawo kan kalmar da ke bakinsa. Ka dubi hannunsa: babban yatsa na tura ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, ba tsallake. Kafaɗu sun sauka, goshi ya saki, numfashi ya daidaita da lafazi. Ƙadirawa har sun ware zikirin anfasu, wanda ake jan numfashi a sake shi bisa ƙa'ida, sau da yawa tare da bugun bandiri, kamar yadda aka sani a zawiyar Shehu Nasiru Kabara ta Kano.

Masu wannan zama neman kusanci ga Allah ne ya zaunar da su, kuma malamai kan kafa hujja da aya ta 28 a Suratur Ra'adi kan natsuwar zukata. Sai dai jiki ma yana samun rabonsa. A 1975 wani likitan zuciya na Jami'ar Harvard a Amurka, Herbert Benson, ya bayyana cewa maimaita kalma ɗaya cikin natsuwa, tare da kau da kai daga tunanin da ke kutsowa, yana sassauta bugun zuciya da numfashi. A 2001 kuma Luciano Bernardi da abokan aikinsa a Italiya suka auna masu jan addu'a da carbin Kiristoci, suka tarar numfashinsu ya sauko zuwa kusan shida a minti ɗaya, alhali baligi kan yi 12 zuwa 20. Numfashi mai tsawo a hankali yana kwantar da jijiyoyin da tsoro da fargaba ke tayarwa.

A yankin da 'yan bindiga suka hana mutane barci da ido biyu rufe, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce. Wanda ya iya tattara hankalinsa na rabin sa'a kowace safiya ya fi iya fuskantar yininsa ba tare da zuciya ta rinjaye shi ba.

Amma carbi ba ya maye gurbin asibiti. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, ya riƙa zuwa awo. Matasa kuma, ku matsa kusa da dattawan nan tun suna raye, ku tambaye su yadda ake zama, domin irin wannan ilimi a gaban malami ake ɗaukarsa.