Kama da Wane: Yadda Fensir Ke Fito da Fuskar Mutum

A watan Fabrairun 2019, wani matashi a Kaduna mai suna Eli Waduba Yusuf ya ɗora wani zanensa a Twitter, ya roƙi jama'a su taya shi yaɗawa har ya isa ga mai fuskar. Mai fuskar kuwa Kevin Hart ne, ɗan wasan barkwancin nan na Amurka. Ba a jima ba saƙo ya je inda aka aike shi. Hart ya ce zai sayi zanen, ya kuma ba shi aikin zana wasu abokansa uku. Abin da ya tsayar da mutane a kan zanen shi ne, in ba a gaya maka ba, sai ka rantse kyamara ce ta ɗauka. Alhali fensir ne da takarda, sai hoton da ya ajiye a gefe yana kallo.

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane ba ce. Mai zanen fuska bai musa ba. Sana'arsa dai ita ce ya yi ta rage ratar da ke tsakanin kamar da wanen, har ido ya kasa gano inda ta saura. Masu kallo kan yaba wa hannunsa, su ce baiwa ce daga Allah, kuma gaskiyarsu. Amma duk wanda ya taɓa zama kusa da mai wannan aiki zai lura cewa kallon hoton ya fi cin lokacinsa a kan jan fensirin. Yawancin aikin a ido yake.

Shi kansa fensirin yana da labari. Abin da ke cikinsa ba dalma ba ce, ko da yake an daɗe ana zaton haka. Wani baƙin ma'adini ne mai santsi da ake kira girafait, ɗan'uwan gawayi. A ƙarni na 16 aka same shi jingim a Borrowdale da ke arewacin Ingila, inda makiyaya ke yi wa tumakinsu shaida da shi. A 1795, yaƙi ya toshe wa Faransa hanyar samunsa daga Ingila, sai wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya niƙa ɗan abin da suke da shi, ya kwaɓa da yumɓu, ya gasa. Daga nan haruffan da ke jikin fensir suka samo ma'anarsu. In yumɓu ya yi rinjaye, fensir ya yi tauri, layinsa ya fito siriri toka-toka: wannan ne H. In girafait ya rinjaya, ya yi laushi da baƙi: wannan ne B. HB da ɗalibai ke cike takardar jarrabawa da shi yana tsakiya. Mai zane yakan jera su a gabansa tun daga 2H har zuwa 8B, kowanne da ranarsa.

Kafin a fiƙe ko ɗaya sai an zaɓi hoto, kuma ba kowane hoto ne ke zanuwa ba. Wanda aka haska wa filasha gaba da gaba yakan kori inuwa, hanci da kumatu su baje kamar faifai. Wanda mutum ya ɗauki kansa da waya a tsawon hannu yakan kumbura hanci ya ƙanƙantar da kunnuwa, saboda hancin ya fi kusa da kyamara. Abin da gwani ke nema shi ne hasken da ya shigo ta gefe guda, irin wanda ke sauka a kan mutumin da ke zaune a bakin zaure da hantsi: kunci ɗaya a haske, ɗayan a inuwa. Daga nan sai ya mayar da hoton baƙi da fari a waya ko kwamfuta, domin launi yana ruɗin ido. Jan dara da shuɗiyar riga, duk da bambancinsu, suna iya zama duhu ɗaya a bakin fensir.

Sai awo. Da yawa sukan raba hoton gida-gida da rula, kamar gidan dara, su ja gidaje masu adadi ɗaya a takardarsu da fensir mai tauri, a hankali yadda za su gogu daga baya. Abin da ya faɗa a gida na biyar a hoto, a gida na biyar zai zauna a takarda. Wasu na ganin wannan ha'inci ne, amma dabarar ta girmi kyamara nesa ba kusa ba. Masarawan dauri sun ja irin waɗannan gidaje a bango kafin su zana sarakunansu. Albrecht Dürer na Jamus ya nuna ta a wani littafinsa. Chuck Close na Amurka, wanda ke da larurar kasa gane fuskokin mutane, da ita ya riƙa zana fuskokin da suka fi mutum tsawo, gida bayan gida.

Akwai kuma awon da kowane ɗan koyo ke haddacewa. Idanu suna tsakiyar kai ne, rabi da rabi tsakanin ƙoƙon kai da haɓa, ko da yake hannun sabon shiga kullum sama yake kai su. Tsakanin ido da ido, faɗin ido ɗaya. Kunne yakan tashi daga saitin gira ya ƙare a saitin ƙasan hanci. Sai dai wannan awon fuskar kowa ne, fuskar kowa kuwa ba ta kowa ba ce. Kama tana zaune ne a daidai inda mutum ya saɓa wa awon: girar hagu da ta ɗan ɗara ta dama, leɓen da ya ɗan karkata, haɓar da ta fi ƙa'ida tsawo. Ka matsar da kusurwar baki da kaurin ƙwayar gero, mai murmushi ya koma mai raini. Ka ƙara wa tsakanin idanu kaɗan, ka zana ƙanensa.

Babban abokin gabar mai zane shi ne abin da ya riga ya sani. Tun muna firamare aka dasa mana cewa ido kamar ganye yake da ɗigo a tsakiya, hanci layi biyu da ramuka biyu. Da zarar ka ce a ranka "yanzu zan zana ido", hannu sai ya ɗauko wancan tsohon idon na aji biyu, ya bar wanda ke cikin hoton. Shi ya sa malamar zane Betty Edwards, a littafinta na 1979, ta sa ɗalibai su juya hoto kai ƙasa su kwaikwaya. In fuska ta juye, ƙwaƙwalwa takan daina kiran sunayen gaɓoɓi, sai ido ya fara ganin abin da ke wurin: wani ɗan duhu mai kusurwa uku, wani haske mai siffar wake. A nan ɗan koyo ke gane cewa babu layi a fuskar ɗan Adam. Ba wanda aka kewaye wa hanci da alƙalami. Inuwar gefensa ce ke tashinsa, ita ce kuma ke nuna tsawonsa.

Inuwar nan hawa-hawa ake gina ta, kamar yaɓen ɗaki. Gwani yakan ɗan lumshe ido ya kalli hoton, ƙananan abubuwa su ɓace, ya ga inda ya fi duhu da inda ya fi haske, ya auna sauran a tsakaninsu. Zai fara da fensir mai tauri, yana zagaya bakinsa ƙanana-ƙanana ba tare da dannawa ba, ya murje da auduga ko burushi ko takardar da aka nannaɗe ta yi tsini, ya sake hawa da mai laushi, ya sake murjewa. Ba ya sa yatsa, don maiƙon fata na ɓata takarda ya bar tabon da ba ya fita. Yakan shimfiɗa wata takarda a ƙarƙashin hannunsa, in na dama ne kuma ya fara daga sama ta hagu, kada ya share abin da ya gama. Mai gaggawa da ya danna fensir don ya sami baƙi nan take zai kashe kaushin takardar, wurin ya ɗauki ƙyalli kamar gindin tukunya, ya ƙi karɓar komai kuma. Saboda wannan ƙyallin ne da yawa ke komawa ga gawayi in suna son baƙi ƙirin.

Baƙar fata kuwa nan ake gane gwani. Ɗan koyo yana zaton ya shafe fuska da duhu shi ke nan. Alhali baƙar fata tana mayar da haske sosai, daga sheƙin goshi da karan hanci zuwa duhun ƙarƙashin haɓa akwai matakai masu yawa, kuma duk sai an taka su. Farin da ke cikin zanen na takardar ne. Barinsa ake yi tun farko, ko a ɗago shi daga baya da wani magogi mai laushi kamar danƙo, wanda ake murza wa tsini a riƙa dangwalawa. A hannun gwani magogi ma fensir ne, sai dai shi haske yake rubutawa.

Ido ƙwallo ne a cikin gurbi, don haka yana da gefen haske da gefen inuwa, fatar sama kuma tana jefa masa tata inuwar. Farin ido ba fari fat ba ne. Wanda ya bar shi haka zai zana mutum a firgice. Wuri ɗaya ne a idon ake barin takarda tsirararta, ɗan ɗigon hasken nan da ke kan ƙwayar ido, kuma shi ke sa fuska ta dube ka. Haƙora ma ba a kewaye su ɗaya-ɗaya, sai dai a nuna dasashi da 'yar inuwar tsakani, in akwai wushirya a auna faɗinta kamar ana awon zinariya, don sau da yawa a nan kamar take. Gashi da gemu dunƙule ake fara su, duhu da haske, sai a ƙarshe a zaro 'yan silalai, a fitar da furfura da bakin magogi. Tsagar gado ba baƙin layi kawai ba ce: gefe ɗaya duhu, ɗaya gefen haske, sannan ta nutse cikin kunci. Aikin hular zanna kuma dole ya bi lanƙwasar kai, ya matse yayin da yake juyawa baya, in ba haka ba hular ta zama kamar an manna ta.

Duk wannan lokaci yake ci. Kelvin Okafor, wanda aka haifa a Landan a 1985, iyayensa 'yan Nijeriya, yakan kwashe kimanin sa'a ɗari a kan fuska ɗaya. Arinze Stanley na Legas ya yi suna da fuskokin da za ka ga gumi na gangarowa a kansu har ka so miƙa ƙyalle. Gaskiya ne a watan Yulin 2018 Kareem Waris Olamilekan, yana ɗan shekara 11, ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron cikin sa'a biyu a Legas, amma sa'o'in nan biyu a kan dogon atisaye suka hau. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, girafait kuwa dutse ne.

Wani zai ce, tunda ga hoton a hannu, wahalar ta mece ce? Kyamara ƙiftawa ɗaya take yi, kuma ba ta zaɓe: maɓallin riga da ƙwayar ido duk ɗaya ne a wurinta. Mai zane yana zaɓe. Yakan dusashe bango da kafaɗa, ya kaifafa idanu, ya gyara hancin da waya ta kumbura, ya bar tamojin da murmushin shekaru ya haƙa a gefen ido. Kafin ya gama, ya kalli fuskar nan kallon da mai ita bai taɓa yi mata a madubi ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa kwana da kwanaki ya yi yana tambayarta.

In ya ajiye fensir, yakan ɗaga zanen a gaban madubi, domin juyin yana tona karkatar da ido ya saba da ita har ya daina gani. Amma alƙalin ƙarshe shi ne wanda ya san mai fuskar. Uwa ba ruwanta da 2H ko 8B, ba ta kuma ƙirga gashin gira. In aka miƙa mata ta ce, "Kai, ya yi kyau, sannu da aiki," to da saura, a koma kan tebur. In kuwa ta riƙe takardar ta yi shiru, can ta kira sunan ɗanta, an gama.