Daga ina muka zo? Sake karatun littattafai biyu a kan tarihin Adar

Duk shekara, gab da hutun zango na biyu, nakan ba ɗalibaina na kwaleji wani aiki da ba ya cikin tsarin karatu: kowa ya zauna gaban kakansa ko wata tsohuwa ta gidansu, ya tambayi inda mutanen garinsu suka fito, ya rubuto abin da ya ji da Hausa. A bana da aka dawo, da yawa suka ce daga Gabas, wasu suka ce daga Abzin. Wani yaro ɗan wani ƙauye na kan dutse ya miƙe ya karanta cewa kakanninsa daga rami suka fito. Aji ya kece da dariya, yaron ya zauna ya sunkuyar da kai. Wata yarinya kuma farar takarda ta miƙo mini, ta ce kakarta ta ce ba a tambayar wannan. Dariyar nan da farar takardar nan su suka sa na sake ɗauko littattafai biyu da suka daɗe a akwatina, domin in auna abin da za su iya ba malami a Buza, ko Kaita, ko Madawa.

Dukansu biyu cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta Yamai, wato IRSH, ta buga su a 1975 cikin jerin Études nigériennes. Na farko shi ne na Nicole Echard, L'expérience du passé, wanda ya bi tarihin manoman Hausa na Adar daga bakinsu. Na biyu shi ne L'Adar précolonial na Djibo Hamani, ɗan ƙasa, wanda ya gwama labarun baka da rubutattun tarihohin Agadas na Larabci. Ƙasa ɗaya suka duba, amma kowannensu da taga tasa.

Babbar gudummawar Hamani ita ce ya kafa mana turaku na lokaci. A wurinsa ne muka san cewa Adar ta kasance ƙarƙashin ikon Kabi kafin Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci ta da yaƙi a 1674. Cewa Agabba ya hau gadon Agadas, aka tuɓe shi a 1721, ya dawo Adar ya kafa gidan sarautar da daga baya ta zauna a Ilela. Cewa Lisawan, waɗanda sarautar Kaita take hannun zuriyarsu, tare da shi suka sauko. Cewa Kel Geres sun gangaro daga Abzin a ƙarni na 18 suka zauna tsakanin Adar da Gobir, a yankin Madawa. Kafin wannan littafi, abin da yawancin masu karatu suke da shi shi ne rubuce-rubucen jami'an mulkin mallaka irin su Yves Urvoy, wanda littafinsa na 1936 ya daɗe yana zama madogara. Hamani ya mayar da Adar tsakiyar labarinta, ya nuna ta a matsayin mahaɗar Abzin, Kabi da Gobir. Ƙorafina a kansa guda ne: idon littafin yana kan fada da fagen fama. Wanda ya neme shi don ya san ranar da sarki ya hau zai samu biyan buƙata. Wanda ya neme shi don ya ji muryar mai haƙar rijiya, ko maƙeri, ko baiwar da aka kawo daga kudu, sai ya saurara da kyau kafin ya tsinci wani abu.

Nan ne littafin Echard yake cike gurbi. Ita ta bi ƙauye ƙauye, ta saurari yadda kowane dangi yake ba da labarin tasowarsa, da zangon da ya yi, da wanda ya tarar a wurin, da yarjejeniyar da ya ƙulla da iskokin dutse ko na tafki kafin ya sare daji. Daga irin wannan bincike ne mai karatu yake gane cewa yaron da aka yi wa dariya a ajina bai faɗi shirme ba. A Adar an san Aznan ramu, waɗanda labarinsu yake cewa daga kogo suka ɓullo, kamar yadda aka san Aznan mahalba da suka shigo da baka da kibiya. Wanda ya ce daga rami ya fito yana cewa ne ba wanda ya riga shi nan, don haka shi ke da hakkin buɗe daji da tsafin shekara, ko da sarauta tana hannun wani. Magana ce ta shari'ar ƙasa da aka yi wa riga ta tatsuniya. Aibin littafin shi ne nauyin harshensa: an rubuta shi don masana a Paris, kuma malamin firamare da ya buɗe shi zai gaji kafin ya kai ga ƙauyensa.

Abin da littattafan biyu suka haɗu a kai shi ne hijira daga arewa: cewa masu magana da Hausa sun zauna a Abzin, Abzinawa suka matso su, suka yi ta sauka kudu rukuni rukuni. Labarin Gobirawa shi ne mafi shahara, daga Abzin zuwa Birnin Lalle, har zuwa Alƙalawa wadda ta faɗi a 1808. Akwai shaida mai ƙarfi a bayansa: Ibn Baɗɗuɗa, da ya ziyarci Takadda a 1353, ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla. Amma ya kamata malami ya san cewa muhawarar ba ta tsaya a 1975 ba. A 1979 John Sutton ya kawo hujjar harshe, yana ganin Hausa ta bazu ne daga gabas zuwa yamma, daga yankin Haɗeja, Daura da Kano, har ta kai Abzin ɗin kanta. Idan haka ne, wasu daga cikin waɗanda suka sauko Adar komowa suka yi cikin ƴan'uwansu. Kibiyoyin nan masu kauri da muke zanawa a allo, daga sama zuwa ƙasa, sun fi abin da aka tabbatar ƙarfin hali.

Sai batun Gabas, wanda ɗalibaina suka fi so. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cikin Infaƙul Maisuri cewa asalin Gobirawa daga Ƙibɗawan Masar ne, Turawa irin su Palmer kuma suka karɓi irin waɗannan labarai hannu biyu biyu, domin sun dace da ra'ayinsu cewa duk wata wayewa a ƙasar baƙar fata daga waje aka kawo ta. Wannan cuta ba mu kaɗai ta kama ba, kuma misali daga nesa yakan sa mutum ya ga nasa da kyau. A tsaunukan kudancin Sin akwai al'ummar Hmong, manoman kan tudu kamar mutanen Adar, waɗanda su ma tarihinsu na dā a baki yake. Labarunsu suna cewa sun taso ne daga arewa, wajen Rawayen Kogi, bayan an ci kakansu da yaƙi. A 1924 wani limamin mishan Bafaranshe, François Savina, ya buga Histoire des Miao, ya ɗauki waɗannan labarai ya miƙe su har ƙasar Babila, ya bi da su ta Sibiriya. Masana na yau sun yi watsi da wannan. Abin da takardu suka tabbatar ya fi kusa: bayan tawayen 1795 zuwa 1806 da na 1854 zuwa 1873 a kan daular Sin, da kuma neman gonaki, rukunoni sun tsallaka zuwa Biyetnam da Lawos, bayan 1975 kuma dubbai suka gudu Tailan, daga can aka watsa su Amurka, Faransa, har da Giyana ta Faransa inda suka kafa ƙauyen Kakawo a 1977. Duk da haka ba su yar da labarin dā ba. Idan mutum ya rasu, ana rera masa waƙar nuna hanya, wadda take mayar da ransa zango zango zuwa mahaifarsa, sannan ga kakanni. Darasin a bayyane yake: labarin asali yana da aikin da yake yi wa masu shi, kuma wanda ya mayar da shi taswira ya zalunci labarin, ya zalunci taswirar.

Saura farar takardar yarinyar nan. Littattafan 1975 ba su ba ni abin da zan ce mata ba. Sai a 2015 Benedetta Rossi ta fitar da From Slavery to Aid, bayan doguwar zama a yankin Kaita, inda ta bi sawun bauta a Adar daga 1800 har zuwa zamanin aikin raya karkara na Kaita da aka soma a 1984. Akwai gidaje da yawa a ƙasarmu da kakanninsu ba su yi hijira ba, kawo su aka yi. Tarihin da ya san masu zuwa bisa doki da masu fitowa daga rami kawai, ya bar waɗannan a bakin ƙofa. Kuma mun sani, a rikicin gona ko na gadon sarauta, kalmar "baƙo" takan fito daga bakin wanda ya haddace rabin tarihi.

Don haka ina da roƙo ga ƴan'uwana malamai da ƙungiyoyin al'adu. Littattafan nan sun yi wuyar samu, kuma babu ko ɗaya a hannun ɗalibanmu da harshen da kakanninsu suka ba da labarin. Ya dace a nemi izini a taƙaita su da Hausa, a haɗa su cikin ɗan littafi guda, turakun Hamani a gefe, muryoyin Echard a gefe. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da suke nuna zuwan Agabba a bukukuwa su ba wanda ya tarar a kan dutse baki ya yi magana. Mu kuma a aji mu koya wa yara su riƙa tambaya uku game da kowane labarin asali: wa ya faɗa, a gaban wa, kuma me yake karewa da shi. Tsofaffin da suka san zangon kowane dangi suna ƙarewa, samarin kuma suna Abijan, Legas ko Libiya wajen biɗa, suna ƙara wa labarin sababbin zanguna da ba mai rubutawa.

Yaron nan na kan dutse na sa shi ya sake karanta aikinsa mako na gaba, bayan na yi wa ajin bayanin Aznan ramu. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Takardar yarinyar kuwa tana nan cikin littafin Hamani, inda na ajiye ta.