Kayan Tarihi a Tafin Hannu: Sharhi a kan Ƙirƙirarriyar Basira da Manoman Katsina ta Kudu

Gabatarwa

Manyan gidajen adana kayan tarihi na duniya sun daɗe suna zuba hotunan kayansu a intanet, kamar yadda ake gani a dandalin Google Arts & Culture da aka fara a 1 ga Fabrairun 2011. Sabon abin da ya shigo shi ne amfani da ƙirƙirarriyar basira don a zaɓar wa kowane mai kallo abin da ya dace da shi. Manufar wannan maƙala ita ce auna wannan dabara da ma'aunin manomin ƙasar Funtuwa da Malumfashi, don a ga inda za ta amfane shi da inda za ta gaza.

Yadda Dabarar Take

Na'urar takan lura da abin da mutum ya taɓa a wayarsa, da tsawon lokacin da ya yi yana kallonsa, da harshen da ya yi tambaya da shi. Daga nan sai ta kwatanta shi da masu irin ɗabi'arsa, ta miƙo masa abin da take zaton zai so. Alfanun wannan a fili yake. Gidan tarihi na Katsina yana cikin ginin tsohuwar Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922, tafiyar sa'o'i daga Funtuwa. Manomin da damina ta ɗaure ba shi da halin zuwa can, amma waya tana aljihunsa. Wanda bai yi boko ba kuma yana iya yin tambaya da baki a amsa masa da murya.

Inda Gizo Yake Saƙar

Matsala ta farko ita ce na'ura ba ta iya bayar da abin da ba a zuba mata ba. Yusufu Bala Usman ya nuna a littafinsa na tarihin Katsina na 1981 cewa Maska da Gozaki tsofaffin garuruwa ne masu sarauta, Maska kuwa ta yi suna wajen saƙa. Amma mazari da ƙoshiya da allira, da ramukan marina, da garma da rumbun da suka riƙe wannan ƙasa ta auduga da hatsi, yawancinsu suna hannun tsofaffi ne ko a kangaye. Muddin ba a ɗauke su hoto an rubuta bayaninsu ba, Bamaske zai tambayi tarihin garinsu a nuna masa kayan fadar wani gari.

Ta biyu ita ce ta harshe. Bayanin da ke jikin kayan tarihi galibi da Turanci aka rubuta shi. Google Translate ya shigar da Hausa tun 2013, to amma fassara ba ta maido sunan da mai rubutun farko ya zubar. Idan ya haɗa garma da hauya da magirbi a ƙarƙashin kalma guda, haka na'ura za ta haɗa su, alhali kuwa kowane yaro a Ƙafur ya san aikinsu daban ne.

Ta uku ta fi sauran nauyi. Ba wa kowa nasa karatu ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A makarantar allo kowane almajiri da inda yake, amma da zarar ya iya sai a wanke allo a ƙara masa gaba. Ita na'ura abin da mutum ya riga ya so take maimaita masa. Idan ta fahimci mai kallo manomi ne, tana iya tsare shi a kayan noma, har ya ƙare bai ga mundayen hauren giwa da aka haƙo a kushewun Durɓi ta Kusheyi a 1992 ba, ga shi kuwa gadonsa ne shi ma.

Abin Koyi

Shirin Digital Benin da aka buɗe a Nuwamban 2022 ya tattara bayanin kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20, waɗanda yawancinsu sojan Ingila ne suka kwashe a 1897. Abin yabo a gare shi shi ne ya kasa kayan bisa sunayensu na harshen Edo, ana jin furucinsu da murya, an kuma haɗa da tarihin baka. Watau an fara da sanin masu abin, kafin a zo ga dabarar nunawa.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin da ya kamaci sassan Hausa da na tarihi a jami'o'i, tare da fadar Sarkin Maska a Funtuwa da ta Galadiman Katsina a Malumfashi, shi ne naɗar muryoyin masaƙa da marina da sarakunan noma, kowane kaya da sunansa da karin harshen mai shi. Sa'an nan a gina na'urar bisa ɗabi'ar malamin allo, ta fara da abin da mutum ya sani, ta ja shi zuwa wanda bai sani ba. Tsofaffin da suka riƙe waɗannan sunaye kuwa kullum raguwa suke yi.