Biro ya cika, kufai ba mai leƙawa

Taron shekara ya sake zagayowa, kuma kun san alamarsa. 'Yan ƙungiyoyinmu na kishin tarihin Damargu, waɗanda ba a ji ɗuriyarsu ba tun bara, duk sun farka. Wannan ya kira ka yana tambayar lafiyar iyali, wancan ya tuna cewa kakarsa da taka duk 'yan Gangara ne. Ba sai an gaya maka ba: za a sabunta biro, wato kwamitin shugabannin ƙungiya.

Ni ba zaɓen na ƙi ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda yake cinye taron ɗungurungum. A buɗe da addu'a, a gai da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya har rana ta take, ma'aji ya karanto sunayen waɗanda ba su zuba kuɗin wata ba, sai a faɗa rabon kujeru. Shugaba, mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, sakatare da nasa mataimakin, mai kula da hulɗa da waje, har da mai binciken kuɗin da babu su a asusu. In shugaba ɗan Tanut ne, dole ma'aji ya fito daga Balbeji, tunda ita ma gunduma ce mai cin gashin kanta tun 2011. A duba Abzinawa, a duba Dagira, kada a manta da Fulani. La'asar na yi a sha shayi, a ɗauki hoto, a watse. Ka ɗaga hannu ka ce rahoton abin da aka gano a daji fa? "Haƙuri, Mushe, lokaci ya ƙure, sai baɗi."

Baɗin nan dai ba ta taɓa zuwa ba.

Kuma da a ce ƙasar ba ta da abin faɗi, da sai mu yi shiru. Damargu ce rumbun hatsin Abzin. Ta nan ayarin Agadas ke bi zuwa Damagaram da Kano, a sauke gishiri da dabino, a ɗauki gero. A Tagelel ne matafiyi Barth, wanda ya yi ta yawo da sunan Abdulkarim, ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson a watan Janairun 1851, shi ya nufi Tasawa, wancan ya nufi Damagaram. Cikin masu neman kujerar nan, wa zai iya ɗaukar yaran lakkal ya nuna musu inda ayari ke zango, ko tsohuwar rijiyar da ake shayar da raƙuma? Wa ya taɓa durƙusawa a kufai ya bambanta tsingaron tukunya da kashin maƙera? Tsofaffin da suka san sunan kowane kufai da dalilin tashinsa suna ta tafiya, mu kuma muna gardama a kan wa'adin shugaba, shekara biyu ne ko uku.

Wanda yake son ya karanta tarihin kasuwancin Damargu, sai ya nemi littafin Stephen Baier na 1980. Kufan Kanawa, da ke nan cikin jiharmu, wanda ake cewa daga can mutanen Kano suka taso, Anne Haour ce ta zo daga Ingila ta tona, ta fitar da littafi a 2003. Allah Ya saka musu. Amma mu da muke kwana muke tashi a kan ƙasar, me muka rubuta ban da takardar sakamakon zaɓe?

Ku tuna Bura. Boube Gado na cibiyar IRSH ta Yamai ya yi tono a wurin a 1983, duniya ta ga irin mutum-mutumin laka da ke binne, sai ɓarayin kayan tarihi suka yi wa yankin dirar mikiya, har ta kai a 2000 an sa kayan Bura cikin jerin waɗanda ake gargaɗin duniya kada a saya. Dokar kare kayan tarihi tana nan tun 1997, amma doka ba ta da ƙafa. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, na'urar gano ƙarfe ta zama kayan kasuwa, kuma mai ita ba ya jiran taron shekara kafin ya shiga kufai. Shi kullum yana bakin aiki. Mu ne muka bar jaki muna dukan taiki.

Na sani, za a ce ƙungiyar da ba ta da zaɓaɓɓen biro ba ta da takarda, kuma ba mai sauraronta a ofis. Gaskiya ne. Ma'aji mai amana ma ba ƙaramin abu ba ne, na yarda. To a yi zaɓen cikin rabin awa mana.

Ga shawarata, kyauta. Rahoton daji ya zo farko, kafin jawabin kowa: kufai nawa aka taka, tsofaffi nawa aka naɗi muryarsu, me aka sanar da magajin gari. Duk mai neman kujera ya tashi ya ambaci kufai uku da ƙafarsa ta taka, da sunan mai garin da ya raka shi. Ya kasa, ya zauna ya taya mu tafi. Ina tabbatar muku 'yan takara za su ragu har a rasa wanda za a ba mataimaki na biyu, kuma ba abin da zai samu tarihin Damargu saboda rashinsa.