Ku Bar Mu Da 'Yar Kyamararmu Mai Hoto Dishi-Dishi

Abin da ya fi faranta mini rai a harkar hoto kwanan nan wata 'yar mitsitsiyar kyamara ce da ake ratayawa a jikin makulli. Sunanta Kodak Charmera, ta fito a watan Satumban 2025 a kan kusan dala 30. Nauyinta giram 30, tsawonta bai kai santimita 6 ba, ƙarfin hotonta kuma megafiksel 1.6. E, 1.6, a zamanin da Samsung ke sayar da waya mai 200. Duk da haka fitowarta ke da wuya aka wawashe ta, waɗanda suka makara suka koma jira.

Na san abin da wasunku za su ce, musamman ku masu manyan kyamarori da jaka a kafaɗa: wai wannan ai abin wasan yara ne. To wa ya musa? Wasan muke nema, don an daɗe da ƙwace mana shi.

Ku dubi yadda ɗaukar hoto ya koma a wajen biki ko suna. Ka ɗaga waya, sai ka ji "tsaya, ban shirya ba." A gyara ɗauri, a karkata hula, a tsuke ciki. Ka ɗauka, kafin ka sauke hannu an yanyame ka: "mu gani." Wannan ta ce goge, ta yi ƙiba. Wancan ya ce a sake, idonsa a rufe. A sake ɗin, wata kuma ta ce hasken bai yi mata ba. Kafin a samu hoton da kowa ya yarda da shi, dariyar da ta sa ka ɗaga wayar ta daɗe da mutuwa, shinkafa ma ta huce.

Ita kanta wayar ba ta bar mu mun huta ba. A ƙiftawar ido take ɗaukar hotuna da yawa ta haɗe su wuri guda, ta goge ƙuraje, ta shafe tamoji, ta ƙara wa fata haske ba tare da an roƙe ta ba. Abin da ta rage kuma a kai shi wata manhaja a ƙarasa. Sai ka ga hoton ƙanwarka ka tsaya kana tambayar 'yar gidan wa ce. Kowa ya yi kyau, kyau iri ɗaya, kuma babu wanda ya yi kama da kansa.

Ita kuwa 'yar wannan aba babu mai jin tsoronta. Ka fito da ita, mutane su fashe da dariya, kai kuma ka danna a daidai lokacin. Dattijuwar da ke jan mayafi ta rufe fuska da ta ga waya, ita ce za ta miƙo hannu ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ɗin ma hoto take yi?" Mai cewa "mu gani" ya gani mana: allon da ke bayanta bai wuce kan sarki ba, duk ƙwaƙwarsa ba zai hango abin da zai yi ƙorafi a kai ba. Sai ka je gida ka juye a kwamfuta ka tarar da hoto dishi-dishi, kala ta ɗan koɗe, kwanan wata a gefe, ga kawu baki buɗe yana tsakiyar ba da labari. Irin hoton da waya za ta ce a goge, shi ne wanda za ka koma kana kallo.

Masu raina 1.6 kuma su tuna cewa kyamarar dijital ta farko, wadda injiniyan Kodak Steven Sasson ya haɗa a 1975, megafiksel 0.01 gare ta, nauyinta ya haura kilo 3, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto guda a kaset. Tamu ta ninka ta sau 160 a megafiksel, tana lilo a jikin makullin babur. Kamfanin Kodak da ya durƙushe a 2012 bayan dijital ta kashe kasuwar fim, yau sunansa ake rububi a jikin abin wasa na dijital, wanda ma wani kamfani ne mai suna RETO ke ƙerawa da izininsa, a kan fasalin kyamarar Kodak Fling ta 1987.

To, gaskiya ɗaya ce. Da magariba ta yi, irin waɗannan kyamarori ba sa ganin komai. Katin ajiya daban za ka saya. Sayar da ita a rufaffen kwali, ba ka san kalar da za ta faɗo maka ba cikin guda bakwai, wannan dabarar 'yan kasuwa ce tsagwaronta don ka sayi biyu. Dala 30 ma idan aka juya ta naira ba kuɗin alewa ba ne, kuma da yawansu a durowa za su ƙare idan yayi ya wuce. Na ji, na yarda.

Ban ce ku kai ta ɗaukar hoton fasfo ba, ranar aurenku kuma ku kira mai hoto ku biya shi haƙƙinsa. Amma in mun haɗu kuka ga na laluba makullaina, don Allah kada wanda ya wahalar da kansa gyara hula. Na riga na ɗauka.